Idan Tsoho Ya Faɗi Ya Kasa Tashi: Shawara Ga Masu Riƙon Iyaye

Daga Sabon Birni zuwa Isa, daga Gatawa zuwa Bafarawa, akwai labarin da ake yawan ji a wurin zaman makoki. A tambayi abin da ya sami tsohuwa, sai a ce lafiyarta lau, alwalar asuba ta fito santsi ya kwashe ta, tun daga ranar ba ta sake takawa ba, ta yi wata uku a kwance Allah ya karɓi abinsa. Sai a shafa fatiha, a ce kwana ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Sai dai a cikin watannin nan uku akwai abubuwa da yawa da suke hannun 'ya'ya da jikoki, kuma yawancinsu sani suke buƙata kafin kuɗi.

Abin da ya fi cin ran tsoho bayan karaya shi ne doguwar kwanciya. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan take: a hana faɗuwa, in an faɗi a gaggauta, in an kwanta a yi ƙoƙarin tayarwa.

Me ya sa faɗuwa kaɗan ke karya tsoho?

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Ginin yakan rinjayi rushewar har wajen shekara 30, daga nan sai lissafi ya fara juyawa a hankali. Mace idan al'adarta ta ɗauke, sinadarin da ke kare mata ƙashi yakan ragu ƙwarai, sai zaizayewar ta yi sauri na wasu shekaru. Namiji ma ba ya tsira, nasa ne kawai ke zuwa a makare. Kamar azara ce da gara ta shiga: daga waje tana nan daram, cikinta ya zama fanko, sai ranar da ruwa kaɗan ya rufta da ɗakin.

Wannan shi ne ciwon zaizayewar ƙashi. Ba ya zafi, ba ya kumburi, shi ya sa ba a sanin yana nan sai an karye. Gidauniyar da ke kula da wannan ciwo a duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga masu shekara 50 zuwa sama za su yi irin wannan karaya a sauran rayuwarsu. Akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi, amma sai a manyan asibitoci ƙalilan. Mu a nan ga ma'aunin da ya ishe mu: duk wanda ya haura 50 ya faɗi daga tsaye, ko daga kan gado, ko daga kujera, ya karye, to a ɗauka ƙashinsa ya zaizaye har sai likita ya ce ba haka ba ne. Ƙashi mai lafiya ba ya karyewa don an yi tuntuɓe da turmi.

Wurare uku da aka fi karyewa

Na farko wuyan hannu. Mutum ya tafi zai faɗi, ya tokare da tafinsa. Wannan yakan warke cikin kamar mako 6, kuma shi ya sa ake raina shi. Alhali gargaɗi ne: wanda ya yi karaya ɗaya haɗarin ta biyu ya kusan ninkuwa, kuma ya fi tsanani a shekara biyun farko.

Na biyu gadon baya. Ƙasusuwan bayan sukan lotse ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wajen ɗaga tulu ko damin kara, wani lokaci da tari kawai. Kashi 2 cikin 3 na irin wannan ba sa zuwa gaban likita. Alamarsu ita ce Inna tana gajarcewa, zanen da yake tsaya mata a idon sawu yanzu yana jan ƙasa, doro yana fitowa. Raguwar tsawo da ta kai santimita 4 abin dubawa ce. Idan baya ya ranƙwafa, ƙirji yakan matse, numfashi ya ragu, ciki ya cika da loma kaɗan, mutum ya rame, tafiya ta zama da tangaɗi. Amma ba kowane ciwon baya ne zaizayewa ba. In da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ana iya samun tarin fuka na ƙashin baya ko ciwon daji. In kuma ƙafafu suka mutu, ko fitsari ya riƙa zuwa ba a sani ba, a nufi asibiti ranar.

Na uku, kuma mafi haɗari, kwatangwalo, wato inda kan ƙashin cinya ke shiga ƙugu. Ko a ƙasashen da ake yin tiyata da wuri, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya su kaɗai. Inda aka bar mutum a kwance ba gyara, abin ya fi haka muni.

Abin da kwanciya ke jawowa

Tsoho idan ya kwanta rigingine ba motsi, majina takan taru a huhu ta zama ciwon namoniya. Fata takan mutu a inda ƙashi ke danna shimfiɗa, a ƙugu da ɗuwawu da diddige, ta buɗe ta zama gyambo mai zurfi. Jini yakan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, mutum ya tafi nan take ana cikin hira. Fitsari yakan kamu da cuta. Naman jiki kuwa zubewa yake cikin kwanaki, ta yadda ko ƙashin ya haɗe daga baya, ƙafar ba ta da ƙarfin ɗaukar mai ita.

Akwai kuma ruɗewa. Baba ya wayi gari bai gane 'ya'yansa ba, ko Inna ta kwana tana kiran waɗanda suka rasu. Kada a yi saurin cewa iska ce, balle a jefi tsohuwa da mummunar magana. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya bayan karaya alama ce ta zafin ciwo, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko cuta a huhu ko a mafitsara. In an magance dalilin, hankali yakan dawo.

Ranar da abin ya faru

Kada a ciccibe shi a tsayar don a gwada ƙafar. A bar shi inda yake, a lulluɓe shi in da sanyi, a duba. In kwatangwalo ne, yawanci za a ga ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin ya juya waje, ciwon yana matsematsi ko cinya, wani lokaci har gwiwa. Wasu suna iya ɗingisawa da farko saboda ƙashin tsagewa ya yi bai rabu ba. Wannan ma karaya ce, kuma takawa na iya raba shi.

A tambaye shi ko ya bugi kansa. Amai, ko barci mai nauyi, ko magana a harɗe, alamun gaggawa ne.

Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A sa matashi ko zane a naɗe tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare sako-sako da rawani ko ɗankwali a gwiwa da idon sawu. A zura faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa a ƙarƙashinsa, mutum huɗu su ɗaga tare. Ba a ɗora mai karayar kwatangwalo a kabu-kabu. In mota ba ta shiga ƙauyen, a shimfiɗa katifa a amalanke a kai shi bakin hanya.

Don zafi a ba shi farasitamol: ƙwaya 2 ga mai jiki, 1 ga wanda ya rame sosai, kada ya wuce sau 4 a kwana guda. A guji dikilofenak da ibufurofen da danginsu sai da izinin likita, domin sukan ɓata ƙodar tsoho su fasa masa ciki. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a hanya.

A fara da babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, a nemi hoton ƙashi da takardar turawa gaba. Aikin kwatangwalo na likitan ƙashi ne. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Akwai Asibitin Tarayya na Gusau, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Waɗanda rashin tsaro ya tsallakar da su Nijar suna da asibitocin Maraɗi da na Galmi. Kowa ya san halin hanyoyinmu. In dare ya yi, a jira gari ya waye a bi ayari. Jinkirin dare ɗaya da sauƙi. Wanda ke yin ɓarna shi ne a kwashe mako biyu ana cewa bari mu gani. Ƙa'idar likitocin ƙashi ita ce a yi aikin cikin awa 48. In an wuce haka, duk da haka a je.

Za a sami wanda zai ce, "Haba, Baba ya tsufa da tiyata, a bar shi ya huta." Shekaru kaɗai ba sa hana aiki. Ana yi wa masu 80 har da 90, sau da yawa da allurar baya wadda ke kashe ƙafafu mutum yana farke. Ko dai a ɗaure ƙashin da ƙarfe, ko a sauya kan ƙashin da na ƙarfe. Manufar ita ce washegari a zaunar da shi, a fara tsayar da shi. Likita ne zai auna zuciya da huhu da jini ya faɗi ko jikin zai ɗauka, ba taron dangi ba. Kuɗin aikin da nauyi, babu shakka. A raba shi tsakanin 'ya'ya tun ranar farko, a kira na Legas da na kudu, a tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin, a kuma gwada Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Maganar ɗori

Masu ɗori gadon sana'arsu suka yi, suna kusa, suna karɓar abin da ya samu, kuma sun taimaki mutane da yawa a inda babu likita. Ba raina su ake yi ba. Amma kara da tsumma suna riƙe ƙashin da ke kusa da fata ne, kamar na hannu ko na ƙwauri. Wuyan ƙashin cinya yana can cikin nama, ba ɗaurin da ke kai gare shi. Ƙari a kan haka, karayar takan yanke jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin, ta yadda ko an shekara a ɗaure ba lallai ya haɗe ba. Abin da tsoho ke samu a nan shi ne kwanciyar da muke gudu. Mai ɗorin kirki da kansa zai ce wannan ba nawa ba ne.

Ko a karayar hannu, a fara ɗaukar hoto. In kuma an riga an yi ɗori, a sa ido a kan yatsu. Idan suka kumbura, suka yi sanyi, suka sauya launi, suka mutu, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da an ce kada a taɓa sai kwana kaza. Awoyi kaɗan na matsi sun isa su kashe hannu har a kai ga yankewa. Haka ma in likita ne ya sa siminti. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ta asibiti ce kai tsaye.

Jinya a gida

Ko an yi aiki ko ba a samu yi ba, jinyar gida ce ke raba gardama.

A riƙa juya shi duk bayan awa 2, da taimakon matashi, har da dare gwargwadon iko. Kowace safiya a duba ƙugu da ɗuwawu da diddige. Wurin da ya sauya launi ko ya yi zafi, a ɗauke masa nauyi tun bai fashe ba. Shimfiɗa ta zauna a bushe, kada a kwantar da shi kai tsaye a kan leda.

A zaunar da shi ya ci abinci a zaune. Ya riƙa jan dogon numfashi sau 10 yana tari, sau da yawa a yini. Ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, a koma asibiti.

Tsofaffi sukan ƙi shan ruwa don kada su wahalar da mutane da fitsari. A lura da wannan, a matsa musu da lallashi. A sa musu abin gina jiki a kowane ci: nono, ƙwai, wake, awara, kifi, ƙuli-ƙuli. Kunu zalla ba ya haɗa ƙashi.

Kunya ma tana kwantar da mutum cikin ƙazanta. Dattijo ba zai iya gaya wa surukarsa yana son kewayawa ba. A raba aikin: 'ya'ya maza su ɗauki wankan Baba da kewayawarsa, mata su ɗauki na Inna, a yi karɓa-karɓa kada a bar wa mace ɗaya har ta gaji ta fara ƙosawa. Kada a kai mai jinya ɗakin ƙurya. A fito da shi inuwa, jikoki su kewaye shi, a ci gaba da neman shawararsa a kan gona da aure. Salla a zaune ko a kishingiɗe ta halatta ga wanda ya gaza, haka taimama, malamai za su yi bayani. Wanda ya ga har yanzu ana buƙatarsa ya fi saurin ɗaukar sanda.

Kada a bari a yi ta biyu

Kafin a bar asibiti a tambayi likita kai tsaye: me za a ba shi don ƙashin kansa? Akwai alendironet, ƙwaya 1 a mako, wadda ake sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe minti 30 ba kwanciya. Akwai kuma na ƙarin ruwa sau 1 a shekara. Suna rage haɗarin sake karyewa sosai, amma sai an duba ƙoda, kuma akan haɗa su da kalsiyam da bitamin D. Ba maganin saye a kemis da ka ba ne.

A binciki ledar magungunan tsoho. Ƙwayoyin haɗi da ake ƙullawa a kasuwa don ciwon gaɓɓai ko don ƙiba sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki. Suna kwantar da ciwo yau, amma shan su wata 3 ko fiye yana cin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ma'aikacin lafiya zai rage masa a hankali. Maganin barci da taramol suna kawo jiri, wani maganin hawan jini ma haka. Taba kuma tana raunana ƙashi.

Batun abinci: tsoho yana buƙatar wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam a rana. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya sami yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe suna samun wajen miligiram 200 kacal, alamar yadda abincinmu na hatsi ke da ƙarancin wannan sinadari. Kofin madara ko nono yana ba da kusan 300. Satar shanu ta sa nono ya yi tsada a yankinmu, to in an samu kaɗan a fara da tsoho da yaro. Madarar akuya ma daidai take. Sannan ga abin da ke bayan gida: kuka, zogale, rama, riɗi, da ƙananan busassun kifin gulbin Rima da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Tsohuwar da ta daina fita a fito da ita ta sha hantsi, fata na yin bitamin D da hasken rana.

Sai gida. A zaga shi da idon mai shekara 75. Wurin alwala da bakin rijiya, inda gansakuka ke kamawa da damina, a kankare a zuba tsakuwa. Dokin ƙofa mai tsawo a rage shi. Igiyar akuya da turke da taɓarya a kawar daga hanyar makewayi. A kafa itace mai ƙarfi kusa da ramin masai don riƙewa, ko a sa kafinta ya huda kujera. Tocila ta kwana a gefen matashi. Silifa da ya siɗe a jefar. Sanda ta kai daidai wuyan hannu in mutum yana tsaye. In ya farka ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. In ido ya yi hazo a duba yana, aikinta ɗan lokaci ne kuma yana rage faɗuwa. A garuruwan da ake kwana da fargaba, a sanya tun da rana wane ne zai kama hannun wane in an ji motsi, domin gudun dare ya karya tsofaffi da yawa.

Akwai wata ɓarna da ake yi da sunan ladabi. "Inna ki zauna, Inna ki bari, mu za mu yi." A ƙwace tsintsiya, a ƙwace tankaɗe, a hana ta zuwa barka da gaisuwa, sai ƙafafu su mutu a zaune. Ƙashi da nama suna ƙarfi ne da aiki. A ɗauke mata tulu da dami, a bar mata shara da tafiya. Baba ya ci gaba da takawa masallaci. Su riƙa tashi daga kujera suna zama sau 10, safe da yamma, da wani a kusa.

Duk gidan da ke da tsoho, a zauna a cikin makon nan a yanke abu uku tun ba a shiga ruɗani ba: wane direba za a kira kuma wa ke da lambarsa, wa zai riƙe kuɗin ko-ta-kwana, kuma wa ke da ta cewa in likita ya nemi a sa hannu a yi aiki. A yi maganar a gaban Baba da Inna, a ji ra'ayinsu. Allah ya ba mu ikon kyautata musu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.